Shekarar da Aka Ce Suga a Ƙafa Yake Kwanciya

Wanzanci wahala ne, kuma ban ga wanda ya gina bene da shi ba. Shekara talatin da huɗu ina tsugune a bayan ƙeyar mutane, gwiwata ta dama ta tashi aiki, haƙorana na gaba suna girgiɗi saboda tsotsar ƙaho. Yanzu kuma ga ku, da kofunan roba a cikin kwali da ɗan famfo, kun yi kwas na kwana uku, an ba ku takarda mai hatimi kun manna a bango. Madalla. Allah ya sanya albarka. Kwanan baya wani cikinku ya tsaya a ƙofar zaurena nan Sheshe, waya a hannu, ya ce mini, "Baba Ɗanjuma, ai aikin nan ba shi da wuya. Ka ɗora, ka ja, ka tsaga, ka sake ja." Na ce haka ne, ɗana. Tuƙin jirgin sama ma ai zama ne a kujera.

Ni a aji huɗu na firamare na tsaya, aka miƙa ni ga ƙanin mahaifina, Baffa Idi. Shekara biyu ban taɓa kan mutum ba. Aikina ɗaukar zabira, wasa aska a dutse sannan a goge ta a fata, da tafasa ƙaho a tukunya har hannuna ya saba da zafi. Aski a ƙwaurina na koye shi, kuma tabon yana nan ga mai son gani. Sai jijiya, wadda ku ba ku ma san da ita ba: ɗan guntun jijiyar saniya ne da za ka tauna ta yi laushi, ka ajiye ta a gefen baki. Idan ka tsotse iskar ƙaho, da harshe za ka tura ta ka toshe hujin, ba tare da ka saki numfashi ba. Na haɗiye ta ya fi sau goma kafin na iya. Baffa ya ce babu laifi, nama ne.

Wata Asabar da hantsi mutum biyu suka zo ƙaho. Ɗaya ɗan dako ne, ƙato, wanda yake ɗaukar buhun gero daga kasuwa har gindin Dala bai sauke ba, bayansa ne kawai ya gaji. Ɗayan dattijo ne da ya shekara yana jinya. Baffa ya juye jinin kowanne a tasa daban, ya ce in juya baya, ya sassauya musu wuri.

"Juyo. Wanne ne na marar lafiyar?"

Na duba. Duka biyun baƙi ƙirin, sun daskare kamar hanta. Na nuna na hagu. Ya sharara mini mari.

"Baffa, to na dama ne."

"Da shi ka nuna ma sai na mare ka. Ni da na zuba ma yanzu ban sani ba. Jini in ya bar jiki ya zauna, baƙi yake yi, ko na wane ne. Je ka mahauta ka gani, ko shanun duk jinya suke?"

Ranar ya gaya mini abin da na rayu a kansa. Ƙaho sunna ne, yana sauke nauyin jiki, yana taimakon mai ciwon baya da mai ciwon kai. Abin da ba ya yi, kada bakinka ya ce yana yi. Kuma mutum uku ba a sa musu 'yar tsaga: wanda jininsa ba ya tsayawa in ya yanke, wanda cikin idonsa ya yi fari fat, da wanda kiyashi ke bin fitsarinsa. Baffa bai san kalmar suga ba. Ya dai san cewa irin wannan mutumin, ƙaya ta soke shi ma sai ta zama gyambo. Rabin sana'ar nan sanin wanda za ka ce wa ya tashi ya tafi ne. Ban sani ba ko a rana ta nawa ake koyar da wannan a kwas ɗinku.

To, haka muka yi ta lallaɓawa, aski da ƙaho da kaciya, har shekarar da Dakta ya bayyana a rediyo. Ba zan kama sunansa ba. Dakta dai shi ya naɗa wa kansa, mu kuma ba mu da rowa. Bayan la'asar yake shigowa, murya kamar an shafa mata man shanu, ya yi sallama mai tsawo, ya gaishe da iyayenmu mata, ya yi wa marasa lafiya addu'a har sai ka ji ƙwalla. A bidiyon waya kuma za ka gan shi da farar riga da abin awon ƙirji a wuya. An ce ko a ɗakin rediyon da shi yake zama. Ko wa yake aunawa a can, sai dai makirufo.

Karatunsa ɗaya ne, kuma na haddace shi don kullum sai ya maimaita. Ya ce jama'a ku yi tunani, Allah ya ba ku hankali. Ka zuba suga a kofin shayi ka ƙi juyawa, ina yake tafiya? Ƙasa. To ƙasan ɗan'adam ina ne? Ƙafa. Saboda haka ciwon suga a ƙafa yake kwanciya, a can za a sa ƙaho a zuƙe shi. Ƙwayar asibiti kuwa cokali ce, juya sugan take yi ya sake hawa jiki, don haka a ajiye ta. Ga kuma wata kwalba tasa da za a sha bayan ƙahon, ana samunta a rassansa. Likitoci sun san wannan, in ji shi, ɓoyewa suke yi don su sayar da ƙwaya. Shi kuwa kwalbarsa, ka san, don Allah yake sayarwa.

Hujjarsa ita ce baƙin jini. Ya ce duk wanda aka yi wa ƙaho ya leƙa ya gani da idonsa, in jinin baƙi ne to cutar ce ta fito. Sai a buɗe layi. Wata ta kira daga nan, ta warke. Wani ya kira daga can, ya jefar da ƙwayoyinsa a kwata, yanzu har rake yake sha. Kullum mutum biyar, shida, duk sun warke. Ban taɓa jin asibitin da ba a mutuwa ba sai rediyon nan.

Kada ku ce na yi baƙin ciki da farko. Zaurena da yake wuni da mutum uku sai ga layi har bakin kwalbati. Har nama na riƙa kaiwa gida ranar da ba Juma'a ba. Amma ita ce shekarar da ta fi kowacce muni a sana'ata, don cikin kowane goma, shida ƙafa suke miƙo mini. Ina cewa a'a, su ce, "To Dakta ya ce." In ce Dakta ya zo ya yi muku. Wata hajiya ta aiko a gaya mini wai likitoci sun saye ni. Ni, da ko allurar kyauta ba su taɓa yi mini ba. Waɗanda na kora ba gida suke komawa ba. Wurinku suke zuwa, masu takarda a bango.

Cikin masu miƙo ƙafar har da Malam Kyari. Tela ne a Soron Ɗinki, Babarbare, kakansa ne ya zo daga Borno. Ni kuma uwata Bafulatana ce, don haka tun muna samari ba ma gaisawa sai da zagi. Shekara ashirin da shida duk safiyar Juma'a ni nake aske masa kai, in gyara gemu, ya wuce masallaci. Keken ɗinkinsa na ƙafa ne, tsohon baƙin nan, ya ƙi mai lantarki don ya ce ba zai zauna jiran wuta ba. Da ƙafar dama yake taka shi, da ita ya aurar da 'ya'ya huɗu, da ita ake ɗora tukunya a gidansa. Suga ya kama shi shekara bakwai kafin wannan, yana shan ƙwayarsa safe da yamma, yana ƙunƙuni, yana lafiya.

Wata Juma'a na gama askin, ina goge aska, sai ya tuɓe takalmi ya ɗora ƙafar a kan buzuna.

"Fillo, sa mini guda biyu a nan. Bayan ƙafa, kusa da yatsu."

"Sauke ƙafarka, Kyari. Ba tasha ba ce."

"Da gaske nake. Kwana goma ke nan ban sha ƙwaya ba, kuma ban mutu ba."

"Kwana goma. Lallai ka daɗe."

"Kai matsalarka jahilci. Mutumin nan ya yi bayani da hankali. Ka taɓa zuba suga a shayi?"

"Na taɓa. Kai kofi ne?"

Na ce ya rufe ido. Na ɗauki tsinken sakace na soka masa a babban yatsa, da ɗan ƙarfi. Na ce me ka ji? Ya ce ai ban taɓa shi ba tukuna. Na ce buɗe idonka. Ya ga tsinken a tsaye a jikin yatsansa. Mai hankali da nan ya tsorata. Shi kuwa sai ya washe baki.

"Ka gani? Sugan ne ya cika wurin, shi ya sa ba na ji. Daidai abin da Dakta ya ce."

Na ce wallahi ko zai ba ni keken ɗinkinsa ba zan tsaga wannan ƙafar ba. Ya ce dama Bafillace in ya ga abin arziki daji yake yi. Ya sa takalminsa ya fita, bai ko ce sai an jima ba.

Juma'a ta zagayo bai zo ba. Wata ta sake zagayowa bai zo ba. Na ce fushi ne, gashi zai dawo mini da shi. Ranar Litinin bayan azahar sai ga babban ɗansa Modu, mai sayar da atamfa, magidanci da 'ya'yansa uku. Ya durƙusa ya ce, "Baba Ɗanjuma, don Allah ka zo ka ga amininka. Mu ya hana mu magana." Na ɗauki zabira muka tafi.

Tun daga soro na ji warin. Wanda ya taɓa jin sa ba ya mantawa, kuma turaren wutar da suka banka bai ɓoye komai ba. Kyari yana kishingiɗe a tabarma, gashi ya tsiro masa fari, rediyo a gefen matashi, kwalbar Dakta a gefen rediyo. Keken an rufe shi da zane. Ashe ranar da ya bar wurina wani shago ya je a wajen Dala, wani saurayi mai safar hannu ya ɗora masa kofi huɗu a bayan ƙafa, ya tsattsaga, ya nuna masa baƙin jini, suka yi kabbara tare.

Na ɗaga tsumman. Tsagar ba ta rufe ba, ta haɗe ta zama rami ɗaya. Yatsu biyu na ƙarshe sun yi baƙi kamar gawayi, ja kuma ya fara hawa wajen idon sawu.

"Kyari, tashi. Asibiti."

"Su yanke ni? Ai aikinsu ke nan. Dakta ya faɗa, da ka je sai zarto. Wannan baƙin cutar ce take fita. Ya ce sai ta yi muni kafin ta yi kyau."

Ka ji karatu. In ka warke, maganin ne ya yi aiki. In ka ruɓe, maganin ne yake aiki. Ta ko'ina Dakta ya ci.

Sai na tuna tasoshin Baffa. Na ce Modu, tuɓe rigarka. Na sa masa ƙaho ɗaya a kafaɗa nan gaban ubansa, na tsaga, na ja, na jira, na juye a murfin kwano na tura masa gaban hanci. Baƙi ƙirin, a daskare.

"Ga jinin ɗanka. Mutumin da ko mura ba ta kama shi. Wannan wace cuta ce ta fito?"

Kyari ya leƙa, ya daɗe yana kallo. Na ce yau na kama shi. Sai ya ɗago ya dubi ɗansa da tausayi.

"Wayyo Modu. Ashe ka gada."

Na zauna daɓas. Shekara talatin ina riƙe da wannan darasin kamar kuɗin gado, Babarbare ya kashe shi da kalma uku. Modu ya mayar da rigarsa yana share ido.

Ana cikin haka aka kira la'asar. Muka yi salla, shi a zaune. Lokacin shirin ya yi, ya miƙa hannu ya kunna, ya ce in saurara ko Allah zai buɗe mini kai. Aka buɗe layi. Wani ya warke, wata ta warke.

"Ka ji?" in ji shi. "Duk waɗannan ƙarya suke yi?"

"Ban ce ba. Ina jiran kiran Malam Sani mai rini ne."

Ya kau da kai. Na ci gaba.

"Ai shi ya riga ka ajiye ƙwaya. A zaurena ya zage ni, kana zaune. Yaushe zai kira? Ko ba shi da kati? Da Isiyaku direba, da ya ce hawan jini ma a ƙafa yake sauka. Kai ne a gaban makararsa, hannun dama, ni ina bayanka, har ka ce mini ya yi nauyi. Shi ma layin ne bai shiga ba?"

"Kwanansu ne ya ƙare."

"Haka ne. Naka ma in ya ƙare babu mai ƙara maka. Amma ka sani, ranar da muka kai ka, da la'asar shirin nan zai zo kamar kullum, mutum shida za su warke, babu wanda zai ambaci Kyari tela. Masu rai kaɗai ake ji a akwatin nan. Sauran suna kwance a maƙabarta bayan gari, kuma a can babu sabis."

Ba ni na kashe rediyon ba. Shi ya kashe. Ya daɗe yana kallon keken da ke ƙarƙashin zane. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "In suka taɓa ƙafar nan daga idon sawu, ban yafe maka ba, Fillo."

"Na ji. Modu, tsayar da adaidaita."

Likitar da ta duba shi yarinya ce, ba ta kai Modu ba. Ta buɗe tsumman, ta dube mu, ta ga zabira a kafaɗata.

"Baba, kai ka yi masa wannan?"

"Da ni na yi, 'yata, da ban rako shi ba."

Ta ce da mun ƙara kwana uku, daga gwiwa za a yi maganar. Yanzu za su gwada, ba ta yi alkawari ba. Suka sa masa ruwa da allurai suka fara saukar da sugan, wanda, abin mamaki, a yatsan hannu suka auna shi suka same shi fal. Na ce Kyari, ashe ya hau sama. Bai yi dariya ba.

Ranar Alhamis aka shiga da shi. Muka zauna a benci ni da Modu daga hantsi har azahar. Da likitar ta fito ta ce sun cire yatsu biyu da ɗan gefen ƙafar. Diddige yana nan, tafin yana nan, babban yatsa yana nan. Modu ya ce keke fa? Ta ce in ya sha maganinsa, ya bar wa mutane ƙafarsa, bayan wata uku ya taka abinsa.

Da ya farfaɗo, ya ɗaga bargo ya leƙa, ya ƙirga abin da ya rage. Sannan ya neme ni da ido. Na matso, na ɗauka godiya ce.

"Duk laifinka ne," in ji shi. "Da kai ka yi mini da hannunka, da ba haka ba. Yaron nan ne bai iya ba."

Na ce haka ne, Malam Kyari. Allah ya ƙara lafiya. Dakta kuwa, ranar ma ya shigo da la'asar, na ji shi a shagon mai shayi a hanyar gida. Ya gano cewa ciwon ƙoda ma a ƙafa yake.

Washegari Juma'a. Na fito bayan gari ya waye na tarar da mutum bakwai a ƙofar zaure. Na ce kowa ya tuɓe takalmi, na bi su da tsinken sakace ɗaya bayan ɗaya. Biyu suka yi tsalle, na ce su dawo gobe in yi musu a baya. Biyar ba su ji komai ba, na ce su wuce asibiti. Ɗaya ya ce an saye ni, ɗaya ya tambaye ni hanyar shagon nan na wajen Dala. Na zare ƙahonina daga zabira na rataye su a ƙusa, na bar aska da sabulu, na hau adaidaita.

Na same shi a zaune a gado, ƙafa a naɗe, kai kamar gonar auduga. Mutumin gadon kusa da shi, wanda aka yanke wa tasa daga gwiwa, ya ga zabira ya ɗago.

"Wanzam, kana ƙaho? Ɗayar ce nake so a zuƙe mini tun da wuri."

Kafin in buɗe baki Kyari ya juya.

"Aski ya zo yi. Kai kofi ne?"

Sannan ya sunkuyar mini da kai ya ce in yi sauri, kuma in kula da bayan kunne, don wancan karon na bar masa gashi. Na jiƙa sabulu na fara daga ƙeya.